Ruwa Ya Yi Gyara

Tunda Malam ya ce in yi muku bayani kafin marka ta kankama, to ku ɗan ajiye wayoyin nan ku saurara. Na ga jiya an raba muku riguna masu ƙyalli, kowa ya saka tasa yana ɗaukar hoto a jikin mota, har na ji wani a cikinku yana cewa aikin agaji ai ba wani abu ba ne, a sauke buhu, a miƙa wa mutum, ya yi godiya, a juyo gida. Allah ya sa haka ne. Ni dai sunana Ilu, magini ne, mutumin Kara ta ƙasar Gwarzo, kuma tun kaina yana baƙi nake bin wannan ƙungiya ta da'awa ƙauye-ƙauye. Ban taɓa hawa mumbari ba, karatuna bai wuce na salla ba. Malamai su yi wa'azi, ni in gina inda za a zauna a saurara. In ruwa ya yi ɓarna kuma, ni ake turawa gaba in duba gidajen da suka rage a tsaye, in faɗi wanda za a kwana a ciki da wanda za a fita.

Aikin farko da maigidana Baba Tanimu ya ba ni shi ne taka ƙasa. A haƙo ta daga kududdufi, a jiƙa, a zuba ramno, wato busasshiyar ciyawar da ake sassarawa don ta riƙe ƙasar, sannan in shiga in yi ta tattakawa har in daina jin ƙafafuna. A bar ta ta kwana ta ruɓa, gobe a sake. Na daɗe ina wannan kafin ya yarda in mulmula tubali, na kuma daɗe ina cilla masa tubali yana zaune a kan bango kafin ya ce in hau. In ka cilla a karkace ba ya yi maka faɗa, sai dai ya janye hannu ya bari ya faɗo a gabanka ya fashe, ka kwashe ka sake mulmulawa. Kayan aikinmu ba su da yawa. Fartanya ce da shebur, kwanon sarki, igiya, tsani, sai hannu. Cokalin gini ma daga baya ya zo, da siminti ya shigo ƙauye.

Akwai wani tsinken ƙarfe da ya bar mini, tsohon rodi ne aka fiƙe bakinsa, yana nan a bayan mota har yanzu. Ranar da ya koya mini amfaninsa, wani mutum ne a Kara ya kira mu mu yi masa yaɓe, bangonsa kuwa sumul, ba tsaga ko ɗaya. Baba Tanimu bai ko ɗaga kai ya dubi saman ba. Ya tsuguna, ya soka ƙarfen a gindin bangon, sai ga shi ya shige kamar a cikin tuwo. Ya zaro ya sunsuna, ya miƙo mini na sunsuna, wari irin na tsohuwar randa. Ya ce, "Ilu, bango ba ya mutuwa ta ka, ta ƙafa yake mutuwa. Kowa sama yake kallo, kai ka riƙa kallon ƙasa." Sannan ya je ya sami mai gidan ya ce masa, "Malam, ginin nan ya gaji."

Ku riƙe wannan kalmar. Magini ba ya cewa gida zai faɗi. In ka faɗa ya kuma faɗi, bakinka ne. In bai faɗi ba, kai maƙaryaci ne mai neman aiki. Sai dai ka ce ya gaji, mai hankali ya gane. Haka kuma mutanenmu ba sa zagin ruwa. Ka tarar da mutum tsaye cikin ruwa iya gwiwa, rumbunsa ya kife, akuyarsa ta tafi, ka ce masa yaya ruwa, zai ce maka ruwa ya yi gyara. Ba ƙarya yake yi ba, ba kuma wauta ba ce. Ruwa rahama ne, wanda ya fita roƙonsa da bazara ba zai buɗe baki ya kushe shi da marka ba. To kun ga inda wahalar aikinmu take. Ni ba na iya cewa zai faɗi, shi ba ya iya cewa ya cuce ni, ga bango kuma yana ta jiƙa muna gaisawa.

Masallacin farko da na gina wa ƙungiya a Gangaren Marke ne, wani ƙauye a bayan Gude ta ƙasar Kabo. Malam Sabi'u shugabanmu, lokacin yana da ƙarfinsa, shi ya zo har gida ya ce suna neman maginin da ba ya tsoron tafiyar ƙasa. Ƙauyukan da muke shiga, wasu ba makaranta, wasu masallacinsu duwatsu ne aka jera a gindin bishiya, wasu rabin mutanensu Maguzawa ne. Malamai su zauna koyar da alwala da karatu, ni da mutanen gari mu tayar da ɗaki. Abin da gari ya ci shi muke ci, inda aka nuna mana nan muke kwana. Masu sa ni aiki kuwa iri-iri ne. Wani gari su fito ƙwansu da kwarkwatarsu su taka ƙasa da ni, wani gari su zauna a inuwa suna gaya mini alƙibla ta karkace. Akwai inda dattawa suka ce lallai sai na yi musu hasumiya, alhali ko rijiyar alwala ba su da ita.

Gyara kafin damina ya fi gini yawa a aikina, kuma shi ne mutane suka fi rainawa. A share indararo, a toshe ramin gafiya, a yi sabon yaɓe, a tayar da dakali a gindin bango don kada ruwa ya kwanta masa a ƙafa. Da can kowane gida yana yin wannan da bazara ba sai an gaya masa ba. Yanzu samari sun tafi birni acaɓa, tsoho ba ya iya hawa tsani. Ci gaba kuma ya zo, mun gode Allah, an yi titi, an kawo wuta, an cike kududdufai an gina shaguna a kai. Sai dai titin ya fi garin tudu, kwalbatin ƙarama ce, kududdufin da ke shanye ruwa kuma babu shi. Ruwa ba ya manta hanyarsa, in ka toshe ta sai ya bi ta tsakar gidan wani.

A Gangaren Marke mai masaukinmu Alhaji Ubale ne. Babban manomi, dogo, ba shi da yawan magana. Shi ya ba da filin masallacin, shi ya sare giginyarsa aka yi azara. Duk baƙon da ya sauka a garin, malami ne ko mai tallan magani, a zaurensa yake kwana, daga gidansa tuwo yake fitowa. Yana da wata jar darduma mai kauri da ya zo da ita daga Makka. Ba ya hawanta, 'ya'yansa ba sa hawanta, tana naɗe a rataye a jikin azarar turakarsa, sai baƙo ya zo ake sauko da ita. Kuma mutum ne da bai iya karɓa ba. Ka miƙa masa goro, sai ya laluba aljihu ya ba ka wanda ya fi naka girma. Na taɓa gyara masa indararo ban gaya masa ba, kafin in koma Kara zabbinsa sun riga ni isa gida. Ina son mutumin nan ƙwarai, amma taurin kansa ya sha ba ni haushi.

Wata shekara da gyaɗa ta yi kyau ya sa aka shafe gidan da siminti ta waje, ba ni na yi masa ba. Gida ya yi fes, kowa ya zo wucewa sai ya tsaya kallo. Na ce masa, "Alhaji, siminti a kan jar ƙasa riga ce kawai. Ruwa in ya shiga ta ƙasa ba ya samun hanyar fita." Ya yi dariya ya ce kishi nake don wani ya ci aikin. Ku ma ku sani, in kun shiga gari bayan ruwa, gidan da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya fi kyau a ido. Bangon ƙasa tsirara yana nuna maka inda yake ciwo, mai siminti ba ya nunawa sai ya zo ƙasa.

Shekarar da ba na mantawa, marka ta zo ta zauna. Ba irin ruwan nan mai iska da tsawa ba, wanda zai zuba ya wuce. Yayyafi ne mai naci, safe da yamma, kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Tufafi ba sa bushewa, itace ba ya kamawa, gishiri ya narke a kwano. Sannan aka yi mai ƙarfin a kansa, rafin da ke gabas da garin ya cika ya ɓalle ta cikin gonaki. Gero yana gab da nuna, ya kwanta cikin laka ya fara tsiro a jikin zangarniya. Gidan ƙasa kuma ba rushewa yake yi irin ta bulo ba, zama yake yi, ya durƙushe da duk abin da ke cikinsa. Kafin labari ya iske mu a Gwarzo, rabin Gangaren Marke ya zauna.

Motarmu ta tsaya inda hanya ta yanke bayan Gude, muka ɗora kaya a ka, garin masara da tamfol da tabarmi da sabulu da gidan sauro. Mutane sun taru a makarantar firamare da ke kan tudu, mata da yara a azuzuwa, maza a baranda, awaki a ko'ina. Rijiyoyi sun haɗe da ruwan masai, amai da gudawa ya fara kama yara. 'Yan mishan da ke da ƙaramin asibiti a wani ƙauyen Maguzawa can gaba sun riga mu isowa da magani, wata ma'aikaciyar jinyarsu da kowa ke kira Sista ta mai da ofishin hedimasta ɗakin ƙarin ruwa. Shekara da shekaru muna bin ƙauyuka ɗaya mu da su, kowa da abin da yake kira a kai, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. A wannan karon su suka ba mu maganin zubawa a rijiya, mu muka ba su tamfol. Mutum na farko da na gaisar a bakin makarantar wani tsoho ne da ya binne jikarsa jiya-jiya. Na ce, "Baba, sannunku da ruwa." Ya ce, "Ruwa ya yi gyara, ɗan nan."

Alhaji Ubale ba ya makarantar. Gidansa yana tsaye, siminti yana sheƙi, shi da iyalinsa suna ciki, har yana aika wa mutanen makaranta da tuwo. Ni da Malam Sabi'u muka gangara muka yi sallama, ya fito.

"Maraba da Malam, maraba da Ilu. Kun sha hanya. Yaya kuka baro mutanen Gwarzo?"

"Lafiya lau, Alhaji. Yaya iyali? Yaya aka ji da wannan ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Mu kam sai godiya, ko ɗigo bai zubo mana ba."

Na bar su suna gaisawa na zagaya baya. Na sami inda simintin ya ɗan ɓamɓare a gindin turakarsa, na soka ƙarfe, ya shige har hannuna ya taɓa bango. Na ƙwanƙwasa simintin, yana amsawa kamar ƙwarya, ya riga ya rabu da ƙasar da ke bayansa. Rufin kuwa na soro ne, azara da ƙasa mai kauri, ya sha ruwa ya ƙoshi. Zauren da ɗakin matarsa na iya tokare su da azara, na kuwa tokare. Turakar ba ta tokaruwa, don daɓen cikinta ya zama kunu, duk abin da ka kafa nutsewa yake yi. Na dawo na tsuguna a gabansa.

"Alhaji, ginin nan ya gaji."

"To ya huta mana. Ai ba inda za shi."

"Turakar nan nake nufi, Alhaji. Don Allah kada a ƙara kwana a cikinta. Ku hau tudu ko na ɗan lokaci ne."

"Ilu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mahaifina ya gina ɗakin nan, ya ga ruwan da ya fi wannan."

Sai na karya dokar Baba Tanimu. Na ce, "Alhaji, faɗuwa zai yi."

Ya dube ni ya ce, "Faɗi alheri, Ilu, ko ka yi shiru. In hau tudu in yi me? In shiga layi da kwano, mutanen da suka ci tuwon gidana suna kallona? Ku kai wa masu bukata."

Tamfol ɗin da Malam ya sa aka kawo masa, a gabanmu ya kira maƙwabcinsa ya ba shi.

Na koma cikin gida ina ƙara ɗaure tokara, sai matarsa Inna Tabawa ta yi gyaran murya daga bakin ɗakinta. Dattijuwa ce, tare suka tsufa, ta san shi kamar yunwar cikinta.

"Malam Ilu, da gaske ɗakin ya gaji?"

"Inna, ya wuce gajiya."

"To ku daina ba shi. Mutumin nan ko a makara aka ce masa ga kyauta sai ya tashi ya mayar. Roƙonsa za ku yi. Ku ce rabon ya fi ƙarfinku, ba ku san mutanen gari ba, ya zo ya tsaya muku a kai. In ya hau tudu don aiki, ni na san yadda zan kwaso yara mu bi shi."

Na gaya wa Malam Sabi'u, ya kuwa yi yadda ta ce. Ba ma ƙarya a ciki, rabon ya fi ƙarfinmu da gaske. Alhaji ya saurara, ya miƙe, ya gyara hula, ya ce, "Ai da kun faɗa tun farko."

Ban taɓa ganin rabo mai tsabta irin wanda ya yi ba. Farko dai ya hana layi. Ya san gidan da ke da mai jego, ya san wanda surukinsa yana wurin ba zai iya miƙa hannu a gabansa ba, ya san tsohon da zai gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi da kwano. Irin waɗannan sai ya sa a zuba musu a rufe, a kai musu a ce saƙo ne daga Alhaji, don daga hannunsa sun saba karɓa. Ku masu ɗaukar hoto, ku lura da wannan, wanda ya fi kowa bukata sau da yawa ba ya cikin waɗanda suka kewaye mota. Shi kansa a baranda yake kwana a kan buhu, abinci kuma sai Inna Tabawa ta rantse masa na gida ne da ta taho da shi sannan yake ci. Hatsinsa da awakinsa da tukwane duk mun kwaso. Turakar na ja ƙofarta, na gicciye azara a bakin, na ce kowa ya yi nesa da ita. Hankalina ya kwanta, na ɗauka mun gama da wannan.

Sai rana ta fito. Ku ji wannan da kyau, don a nan ake asarar rayuka. In rana ta buɗe bayan marka kowa murna yake, a shanya kaya, a fara zancen komawa gida. Magini kuwa lokacin ne hankalinsa yake tashi. Saman bango ya bushe ya takura ya ja, gindin yana nan jagab da ruwa, sai ya tsage ya saki. Yawancin gidajen da na ga sun kashe mutane da rana tsaka suka kashe su, sama tas ba ko gajimare. Na bi baranda ina faɗa, Malam ya faɗa bayan salla. Alhaji da kansa ya tsaya a gaban jama'a ya ce duk wanda ya koma gida kafin Ilu ya soka ƙarfensa, shi da shi ne.

Ran nan da hantsi aka aiko cewa hakimi ya turo wakilinsa tare da wani babban malami daga Kano, suna tafe jaje, za su iso bayan azahar. Aka share aji ɗaya. Tabarmin da muka kawo duk an raba, sun sha laka, yara masu gudawa sun kwanta a kansu. Aka samo wata mai ɗan dama-dama aka shimfiɗa. Na ga Alhaji ya tsaya a bakin ajin yana kallon tabarmar nan, ya daɗe.

"Malam Sabi'u, a kan wannan za su zauna?"

"Alhaji, jaje suka zo, ba biki ba. Sun san halin da ake ciki."

"Haka ne," in ji shi. "Haka ne kam."

Ni kuma aka kira ni unguwar yamma, wani bango yana neman kwanciya a kan rijiya. Na ɗauki ƙarfena na tafi.

Ina can ina kafa tokara na ji shi. Ba ƙara ce mai yawa ba, gidan ƙasa ba ya ihu. Wani dum ne mai nauyi, kamar an sauke buhu daga mota, ƙasa ta ɗan motsa a tafin ƙafata, kaji suka watse. Na san ɗakin da ya yi wannan, don duk garin babu rufi mai nauyinsa. Abin da ban sani ba shi ne ko da mutum a ciki. Ina isa gidan Alhaji na ga azarar da na gicciye an jingine ta a gefe a tsanake, ga takalmansa a jere a bakin ƙofa.

Tono mutum daga ƙarƙashin gini shi ma aiki ne, kuma za ku yi shi, Allah ya sa kada ku yi da yawa. Ba a sa diga, ba a sa shebur sai an san inda yake. Ba a hawa kan tarin, don nauyinka yana iya zama abin da zai ƙarasa shi. Ana farawa daga wajen ƙofa, tunda duk wanda gini ya kama hanyar fita yake nema. A zare azara ɗaya bayan ɗaya, ƙasa kuma da hannu da kwanon sarki. Jim kaɗan a yi tsit, a kira sunansa, a saurara. Haka muka yi, mu da Maguzawan da suka taho da Sista da duk namijin da ke makarantar, muna kira Alhaji, Alhaji, ba amsa. Mun same shi daf da ƙofa a kife, ya juyo zai fita, dardumar tana naɗe a ƙarƙashinsa ya rungume ta. Sista ta durƙusa ta taɓa wuyansa, ta daɗe, sannan ta ɗago ta dubi Malam Sabi'u ta girgiza kai. Dardumar ko laima babu a jikinta.

Maƙabarta ta cika da ruwa, duk inda aka sara sai ya ɓuɓɓugo. Sai can ƙarshen gonarsa ta tudu muka sami ƙasa mai ɗan tauri. Itacen rufe kabari babu a garin, azarar turakar muka sassara, ni na jera ta, ni na kwaɓa ƙasar na toshe. Baƙin da ya je ɗauko wa shimfiɗa sun iso ana haɗa sahu, malamin Kano shi ya yi masa salla. Raina ya ɓaci ranar, har da shi marigayin na ji haushi, Allah ya jiƙansa. Duk garin ya hana komawa gida, kowa ya ji maganarsa sai shi.

Da muka dawo, Inna Tabawa tana cikin aji, an rataya zani a ƙofa ya zama labule. Muka tsaya daga waje za mu yi mata gaisuwa, baƙin suna neman inda za su tsuguna. Sai ga dardumar an turo ta ta ƙarƙashin labulen.

"A shimfiɗa wa baƙi," in ji ta.

Malam Sabi'u ya ce, "Inna, a bar ta, nan ma ya isa."

"Malam, abin da ya je ɗaukowa ke nan. Kada tafiyarsa ta zama ta banza. Ku shimfiɗa."

Aka shimfiɗa, suka zauna, wakilin hakimi yana ta share ido da bakin rawani. Aka yi addu'a, aka ce mata ya haƙuri, ta ce da godiya. Da za su tashi, malamin Kano bakinsa ya tafi inda ya saba, ya ce, "Sannunku kuma da wannan ruwa." Daga bayan labulen Inna Tabawa ta ce, "Ruwa ya yi gyara, Malam."

Da kaka ta yi, ni ƙungiya ta tura na gina mata ɗaki a inda turakar take. Na haƙa harsashi mai zurfi, na yi rufin kwano, na tayar da dakali ta kowane gefe. Ranar da na gama ta aiko mini da fura, ta tsaya daga bayan ƙofa muka gaisa. Ta ce, "Malam Ilu, hatsi muka kwaso, da awaki, da tukwane. Shi kuwa duk gidan nan abu ɗaya ne zai koma dominsa. Ni da na san shi, ban tuna ba." Na shanye furar na tattara kayana.

To, aikin da kuka sa riga dominsa ke nan. In kun shiga gari ku yi gaisuwa cikakkiya, kada ku yi gaggawa. In an ce muku ruwa ya yi gyara ku ce alhamdulillahi, sannan ku zagaya bayan gida ku tambayi gindin bango. In gida ya gaji, a fitar da mutane, a fitar da hatsi. Amma kafin a gicciye ƙofa, ɗayanku ya tsaya daga bakin zaure ya yi sallama da matar gidan, ya tambaye ta me maigidan nan zai koma ɗauka. Kowa yana da nasa. Wani allon mahaifinsa ne, wani irin shuka ne a cikin gora, wani rediyo ce da ta daɗe da daina magana. Kada ku yi dariya, kada ku tambayi amfaninsa, ku fito da shi tun bangon yana tsaye.

Ga hadari can ya haɗo ta gabas. Wani ya duba mini ƙarfena a bayan mota, kada a ɗora buhuna a kansa.